Na kwashe ado zuwa CSS, amma launi ya ƙi canzawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka mini, kwana uku ke nan abin nan yana ɗaure mini kai.

Wani tsohon aiki na gada, shafukan yanar gizo kusan 30, an cusa launi da girman rubutu cikin HTML (harshen da ake gina shafin da shi) kai tsaye. Na kwashe su zuwa fayil guda na CSS (harshen da ke tsara adon shafi), style.css. Kanun rubutu sun karɓi sabon launi, sakin layi kuwa ko gezau. Ashe ragowar style (umarnin ado) da ke manne jikinsu a cikin HTML ne ke rinjayar fayil ɗin. Na sa !important (alamar da ke tilasta umarnin fayil ɗin ya yi rinjaye) ya yi aiki, amma hankalina bai kwanta da shi ba.

Sai na bi shafi-shafi ina gogewa da hannu, ko akwai hanya mafi sauƙi?