In janye ne, ko in jira su ce ba su ɗauke ni ba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina aikin akanta a wani kamfani. Aka canza oga, sabon ya zo da mutanensa, aka daina kira na mitin, har teburina aka mayar bakin ƙofa. Na yi ta haƙuri har na gaji, na ajiye aikin. Yanzu na nemi wani gurbi, aka yi min intabiyu ta Zoom, su uku. Da suka tambayi dalilin barin aikina, sai baki ya kufce, na zazzage musu komai a kan ogan. Ɗayansu kuma sai katse ni yake yana danna waya. Da ya tambaye ni yadda ake daidaita bayanan banki da littafin kamfani, abin da nake yi ido rufe, kaina ya kulle. Barci ya gagara. So nake in tura musu imel in janye.

Baban Sadiq:
Wa'alaikumussalam. Hajiya, kada ki kuskura. Na daɗe ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata. Kowace tambaya makinta daban, kowane mutum yana cika takardarsa, sai a haɗa a ƙarshe. Tambaya ɗaya ba ta kayar da mutum. Kuma akwai binciken da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Erica Boothby, da abokan aikinta suka wallafa a 2018, ya nuna bayan hira mutum yakan raina irin burgewar da ya yi wa abokin maganarsa. Ke kike ganin kin faɗi, su ba su ce ba.

Ummu Nana:
Ni dai na ce ki janye. Wanda ke danna waya kina magana, haka zai yi miki kullum. Ni ma na ga alama irin wannan na rufe ido na karɓi aiki, matar da ta zama ogata ta mayar da ni 'yar aike, hutun ƙarshen shekara ma sai da na yi kuka. Har yau takardar shaidar aikina tana hannunsu.

Baban Sadiq:
Wannan labarinki ne, ba nata ba. Ƙila ma mutumin ba a sashenta yake ba. Abin da ya fi damuna shi ne zagin tsohon oga, don za su iya tuntuɓarsa.

Maman Ilham:
Ba zagi na yi ba, Alhaji, gaskiya na faɗa. Su suka tambaya. Kuma ni ba zan iya sake haɗa ido da mutumin nan a zagaye na biyu ba.

Abu Hanifa:
Dakata, Anti. Wane zagaye na biyu? Sun sake kiran ki ne?

Maman Ilham:
E, sun turo saƙo. Amma ina ganin kowa suka tura wa.

Baban Sadiq:
Ikon Allah! Ba mai ɓata lokacin manaja a kan wanda aka riga aka cire. Ki je. Ki shirya amsa gajera kan barin aikin, ki tambayi wa za ki yi aiki a ƙarƙashinsa. In bai yi miki ba, ki ƙi bayan an ba ki takardar tayi.

Ummu Nana:
Bayan an ba ta, ai kunya ba za ta bar ta ta ƙi ba.

Maman Ilham:
Ku ba ku ga kallon da ya yi min ba ne. Imel ɗin na riga na rubuta. In sa dalili a ciki, ko in ce kawai na samu wani abu?