Na riga na biya kuɗin motar Nzulezo, yanzu kowa da tasa maganar

Uwar adashi (Asawase): Assalamu alaikum 'yan gida. Mu 14 ne a adashin layinmu, shekara uku ba a taɓa jin kanmu ba, sai bara da ɗaya ta kwashi nata ta tafi biki Tamale ta daina zubi. Ni na riƙa cikewa daga jarin waken da nake sayarwa, har yau maigida bai sani ba. Tun lokacin ake gaisuwa sama-sama. Shi ya sa na ce bana mu ware wani abu mu fita shan iska ko zukata za su huce. Ƙanwata ta nuna min bidiyon Nzulezo, ƙauyen nan da aka kafa a kan ruwa cikin fadamar Amansuri da ake karewa. Na ba mai mota kafin alƙalami, muka tsayar da Alhamis. Jiya wata ta ce Alhamis ranar tsarki ce a tafkin. Ga uwar mijina ta ce ƙafata ƙafarta, alhali ko dakalin ƙofar gida sai an riƙe ta. Ya zan yi?

Baba direba (Aboabo): Wa alaikumus salam 'yata. A hanyar Elubo na yi furfura, ki saurara. Daga Kumasi ta Assin Fosu da Yamoransa zuwa Takoradi kaɗai ya cinye miki rabin wuni. Daga nan akwai wajen kilomita 90 zuwa Beyin, ku wuce Agona Nkwanta, ku wuce Esiama. A Beyin mota take tsayawa, sauran tafiyar kwalekwale ce, kusan awa guda a zaune ba motsi. Wanda ya ce miki za ku je ku dawo rana ɗaya bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ina za ku kwana?

Uwar adashi: Baba, mai motar ya ce in mun tashi ƙarfe uku na dare za mu dawo kafin sha biyu. Yaron kirki ne, shi ya kai mu biki Techiman.

Baba direba: Techiman daban, ƙasar Nzema daban. Tambayata ita ce ina za ku kwana.

Maman 'yan biyu: Ni wadda ta gudu da zubin nan ce ta tsaya min a rai. Tamu mai susu, wato adashi, haka ta yi mana a kasuwar Kejetia, yau shekara biyu, in na gan ta sai ta tsallaka titi. Ke har fita za ki kai su?

Malama (Sawaba): Na je da ɗalibai. Maganar Alhamis gaskiya ce, ba sa kamun kifi ranar, ki mayar Asabar ki huta. Gidajen na itacen tukurwa ne a kan turaku, hanya ɗaya ce ta katako ta ratsa garin, har makaranta da coci duk a kan ruwan. Suna cewa kakanninsu daga Walata, wani tsohon gari a Muritaniya, suka taso, katantanwa ta yi musu jagora. Ku tafi da abincinku da tabarmar sallah, ku ce a ba kowa rigar da ke hana nutsewa. Kuma kada a ɗauki hoton mutum ba a tambaye shi ba, gidansu ne.

Wani ɗan'uwa: Garin da aka san shi da dafa giyar akpeteshie za ki kwashi matan aure ki kai? Ga tafkin Bosomtwe nan kusa, ku je da hantsi ku dawo kafin magariba.

Uwar adashi: Haba Yaya, kallon gari za mu je, ba sha ba. Bosomtwe kuwa kowa ya je, ba abin da zan faɗa wa matan.

Baba direba: Malama, Asabar ce ma ranar cunkoson baƙi. Talata za ta je. Kuma wane wata ne? Yankin Axim ya fi ko'ina ruwan sama a Ghana, a Yuni kwalekwale ba rufi sai ku jiƙe har zani. Da rani kuma ruwan mashigar ja da baya yake yi. Tsohuwa dai ki bar ta a gida.

Hajiya (Yalwa): Ta bar ta a gida? Alhaji, kai namiji ne. Ni tawa sau ɗaya na je Ankara (Accra) ban ɗauke ta ba, har ta koma ga Allah tana tuna min. Ki tafi da ita, ta zauna a Beyin ta kalli teku da tsohuwar ganuwar Turawa ta Apollonia, ku shiga ruwan ku fito.

Uwar adashi: Hajiya ba ki san ta ba, in ta ga an shiga sai ta shiga. Kuma Alhamis ce kaɗai ranar da biyar daga cikinmu ba sa fita kasuwa, da tunani na zaɓe ta. Kuɗin kwana kuwa babu shi a lissafi.

Malama: Nawa kuka tara gaba ɗaya, 'yar'uwa? Kuma watan da Baba ya tambaya fa?

Uwar adashi: Bari in kira mai motar tukuna, tun safe wayarsa a kashe.

Maman 'yan biyu: A kashe? Nawa kika ce kin ba shi?