Masu Motocin Turai a Kaduna: Me Kuka Gani Wajen Gyara?

Mai buɗe zance, daga Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe motar Turai a garin nan ya faɗa mana abin da ya gani wajen kula da ita. Tawa ƙirar Jamus ce, 'yar Beljiyam, kuma a kan hanya ba ni da ta cewa, domin idan na ɗauki hanyar Zariya zama take yi daram a kan kwalta. Wahalar ta fara ne ranar da fitilar gargaɗi ta injin ta kama. Wani bakanike ya ce filogi ne, aka canza. Wani ya ce famfon mai ne, shi ma aka canza. Sai da aka jona mata na'urar bincike ta kwamfuta sannan aka gano cewa ɗan abin da ke auna iskar da ke shiga injin ne ya tara ƙura. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin kayan da aka cire alhali lafiyarsu ƙalau ya zarce kuɗin abin da ya lalace nesa ba kusa ba.

Wani dattijo, daga Kakuri:

Wa alaikumus salam. Malam, abin mamaki ne a ce yau a Kaduna ake kukan rashin masu gyaran motar Turai, garin da aka fara harhaɗa Peugeot a cikinsa a 1975, a nan unguwarmu. Na riƙe 504 shekara da shekaru, kuma a lokacin duk ƙauyen da ta tsaya maka za ka sami mai kwance kafireta ya wanke ya mayar, kayanta kuwa ko'ina akwai. Ƙwarewar da bakanikanmu suka gada ta wannan zamani ce, ta sauraron ƙarar injin da kunne da gwada wannan a gwada wancan. Motar da ɗana yake hawa yanzu ita ma daga Turai ta fito, amma komai nata, daga giya har gilashin taga, sai ya bi ta ƙwaƙwalwar lantarki, kuma irin wannan mota ba ta yafe gwaji. An taɓa haɗa mata waya ba daidai ba wajen sa rediyo, sai batir ya riƙa mutuwa cikin dare, aka yi ta zargin batirin.

Wata malamar makaranta, daga Barnawa:

Baba ya faɗi gaskiya, kuma ni a kan zafin injin na sha tawa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da rana take tsananta, allurar zafi ta riƙa hawa duk sanda na shiga cunkoso. Na kai ta gareji, aka ce an gyara. Ashe abin da aka yi shi ne an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, gaba ɗaya an jefar, an haɗa fanka kai tsaye don ta riƙa juyawa ba tsayawa, sannan aka cika lagireto da ruwan famfo, duk ba tare da an gaya mini ba. Hujjarsu, da na tambaya daga baya, ita ce wai don ƙasashen sanyi aka yi wannan abu. Daga nan motar ta fara shan mai fiye da da, saboda injin ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa, ruwan famfon kuma ya haifar da tsatsa, alhali ainihin ciwon, wato tsagewar robar tankin ruwa, yana nan ba a taɓa shi ba. Ƙarshenta gaskit ya ƙone. Ko da na ce a nuna mini abin da aka cire, sai aka yi mini kallon wadda ta shiga abin da ba na mata ba.

Wani bakanike, daga Tudun Wada:

Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ba zan kare wanda ya yi miki haka ba. Sai dai ina neman a ji namu ɓangaren. Yawancin waɗannan motoci suna isowa ne bayan sun ci tafiya mai yawa a Turai, wasu an mayar da lambar tafiyarsu baya, wasu an riga an fasa salansarsu an kwashe abin tace hayaƙin da ke ciki. Mai mota zai zo juye, in ce masa injinsa yana buƙatar baƙin mai mai laushi irin 5W-30 ko 5W-40 kamar yadda littafin motar ya nuna, sai ya ce a zuba masa mai kauri 20W-50 tunda shi ne mai sauƙin kuɗi, kuma a sa masa filta mafi araha. Araha kuwa ba ta ado. Wani kuma ya ji cewa a Turai ana yin kilomita 15,000 ko fiye kafin juye, sai ya kwaikwaya, ya manta cewa can ba su da ƙurar hunturu irin tamu, kuma da yawa daga cikin injinan an tsara su ne don fetur mai lambar inganci (octane) 95. Game da na'urar bincike, tun 2001 doka ta wajabta wa sababbin motocin fetur na Tarayyar Turai samun wurin jona ta, don haka ba baƙon abu ba ce. Amma na'urar tana nuna sashen da ke kuka ne kawai, sai wanda ya iya karanta ta ya bi waya ya auna kafin ya ce a sayi wani abu. Akwai masu na'urar da aikinsu kawai su goge lambar matsalar, fitila ta mutu, a karɓi kuɗi.

Wani ɗan kasuwa, daga Kawo:

Oga, ban musa maka ba, amma ko mai son yin abin da ya dace aljihunsa ya gaza tun 2023, da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kayan motar Japan za ka zaga kasuwar Panteka ka samo na hannu mai kyau a yini guda. Na tawa motar sau da yawa sai an aika kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo a Legas, ta yi ta zama a gareji rana na dukanta, kuma idan ba ka tura lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17 ba, sai a kawo maka wanda ya yi kama amma bai shiga ba, domin mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da injin daban. Na taɓa sayen shokozoba a cikin kwali mai tambari da komai, damina ɗaya ba ta ƙare ba ta fara zubar da mai. Da na nemi sayar da motar, dillalai suka taya ta da farashin da ya sa na fasa. Yanzu giyarta, mai canza kanta ce, tana fizga idan za ta shiga ta uku da safe; wani ya ce a canza man giyar, wani ya ce kada a kuskura a taɓa shi. Oga, kai da kake cikin sana'ar, wanne za a bi?