Shawarwarin da aka bai wa mai shirya fim kan surukai

Wani matashi da ke son shirya fim da kuɗin aljihunsa ya kawo labarinsa gaban abokan sana'a: amarya 'yar Kano ce, aka kai ta gidan surukai a ƙauye. An daɗe ana tattaunawa, ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce a daina mai da uwar miji muguwa haka kawai. A ba ta dalili. Ita ta sayar da awakinta ta kai yaron makaranta, yanzu tana ganin wata ta zo ta kwashe shi. Haka amaryar, kada a mai da ita 'yar gayu marar tarbiyya don kurum ba ta iya hura murhu ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruka ba ta haɗa ido da surukinta, don haka rigimar ba ta ihu ba ce. Tana cikin kwanon tuwon da aka mayar ba a taɓa ba, da gaisuwar da aka amsa a daƙile. Ni wannan ta fi burge ni.

Sauran na aiki ne. A ɗauki ƙauye na gaske, a bar mutanensa su yi karin harshensu, a nisanta janareta don sauti ya fita tas. Kuma kafin a saki fim a Kano, sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai.