Amstrad ɗin marigayi babanmu ta tashi, amma rubutunta kore ne kuma hoto yana gudu

Mai tambaya, Bukoki, Yamai:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin na'urori. Watan jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi babanmu, sai na ci karo da kwamfutarsa cikin kwali ƙarƙashin gado, Amstrad CPC 464, mai gidan kaset a jikinta, tare da monitanta mai launi. Daga Faransa ya zo da ita lokacin da ya je ƙaro karatu, kuma a kanta na fara ganin sunana rubuce a allo, yana riƙe da yatsana yana nuna mini haruffa. Shi ya sa ba na son ta lalace a hannuna.

Na kakkaɓe ƙura na kunna, ta tashi. Sai dai a sanina rubutunta ruwan ɗorawa ne bisa shuɗi, yanzu kuwa kore ne. In na ɗan taɓa wayar da ke shiga bayanta, ruwan ɗorawar yakan dawo na ɗan lokaci ya sake ɓacewa. Bayan kamar rabin awa hoto ya fara gudu sama. Na samo wayar Peritel, mai faffaɗan fulogin nan da ke kai hoto cikin talabijin, na gwada ta a talabijin ɗinmu, allo baƙi ƙirin. Ta mutu ne, ko monita ce? In buɗe monitar in duba?

Mai gyaran talabijin, Katako:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Kafin komai: kada ka buɗe monitar nan. Kwalbar irin wannan allo tana riƙe wuta ta dubban volt ko bayan ka cire ta daga kuran, kuma na ga yadda take jefar da ƙato. Wannan aikinmu ne, ba naka ba.

Kwamfutarka kuwa lafiyarta lau, kai da bakinka ka faɗi ciwon. Amstrad ba ta haɗa launuka a waya ɗaya. Ja da kore da shuɗi kowanne da tasa hanya, cikin wannan fulogi mai zagaye mai ƙafa 6: ta 1 ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi, ta 4 ita ke tsayar da hoto, ta 5 ƙasa, ta 6 haske ce don monita mai kore zalla. Ruwan ɗorawa ja ne da kore a haɗe. Ja ya yanke, me zai rage? Kore. Tunda yana dawowa in ka motsa wayar, ko dalmar da ke riƙe da soket a kan farantin lantarki na cikin kwamfutar ta tsage, ko wayar ta karye daga ciki dab da fulogi. Na fi zargin dalma, don shekara da shekaru ana cusawa ana zarewa.

Wata malama, Tawa:
Baba ya yi gaskiya, amma ƙanena ka tabbatar da idonka kafin a sa mata ƙarfen dalma. Tana da launi 27, daga 0 zuwa 26. Rubuta BORDER 6 ka danna ENTER, gefen allo ya kamata ya koma ja. BORDER 18 kore, BORDER 2 shuɗi, BORDER 26 fari. In 6 ya ba ka baƙi, 26 kuma ya fito shuɗi-shuɗi mai haske maimakon fari, magana ta ƙare. Bar shi a kan 6 ɗin ka riƙa lanƙwasa wayar a hankali daga wannan kai zuwa wancan, inda jan ya ƙyafta nan ciwon yake.

Ni ma muna da irinta a gida muna yara, mun sha jiran kaset ya gama kukansa kafin wasa ya hau. Ganin tambayarka ya tuna mini da yawa.

Wani ɗalibi, Yamai:
Yaya, ni a ganina wahala ce kawai. Na'urar 1984 mai ƙwaƙwalwa 64K, wayar hannunka ta ninka ta ba adadi. Akwai manhajojin da ke kwaikwayonta, duk wasanninta za ka buga ba tare da ka kashe ko dala ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙanena, na san da su. Ba wasan nake nema ba. Akwai kaset 11 a kwalin da rubutun hannun babanmu a jikinsu, ina son in ga abin da ya adana, a kan na'urar da ya adana shi.

Malama, na gwada. BORDER 6 baƙi ne, na danna fulogin sama da yatsa sai ja ya fito. Lanƙwasa wayar ba ta canza komai.

Wani injiniyan lantarki, Yantala:
To soket ne ke nan, aikin minti goma ga wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma. A sake narka duk ƙafafun 6, ba ta ja kaɗai ba, don ta 4 ma tana iya zama ta saki, kuma ita ce ke hana hoto gudu.

Bari in tsaya kan batun talabijin, nan mutane da yawa ke yanke ƙauna a banza. Faransa ta wajabta Peritel a talabijin a 1980, shi ya sa ya cika tsofaffin akwatunan da ke zuwa mana. Amma talabijin ba ya karɓar ja da kore da shuɗi daban-daban sai an sanar da shi, kuma sanarwar ita ce wuta tsakanin volt 1 da 3 a ƙafa ta 16 ta fulogin Peritel. Fulogin hoton Amstrad ba ya fitar da wannan wuta. In wayar da ka saya ba ta da inda take samo ta, talabijin zai zauna yana jiran hoto a ƙafa ta 20, inda siginar tsayar da hoto kaɗai ke zuwa, sai ka ga baƙi. Batir ƙarami mai volt 1.5 ya isa gwaji: kansa a ƙafa ta 16, gindinsa a ta 18. Kuma kada ka yi saurin sayen ƴan akwatunan nan masu arha da ke mayar da Peritel zuwa HDMI, mashigar hoto ta talabijin na zamani, da yawansu ba sa karanta launukan a rarrabe.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. CPC 464 daga monita take shan volt 5 ɗinta. Da me ka kunna ta lokacin da ka gwada talabijin? In caja ka samo, a tabbatar volt 5 ce daidai, mai amfiya 2, kuma tsakiyar fulogin ne mai alamar ƙari (+). Wuta ta haura, ƙwaƙwalwarta ce ke fara ƙonewa. Ko ta monitar ma a auna ta da mita, kada ta wuce 5.25. Yadda kuran ke ɗaukewa yana dawowa da ƙarfi a wannan zafi, kar ka bar ta a jone in ba ka kusa.

Mai gyaran talabijin, Katako:
Injiniya ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara. In an gyara soket hoto ya ci gaba da gudu bayan monita ta ɗumi, to kondansatar ɗin cikinta, ƙananan kayan da ke tara wuta, sun bushe. Shekara 40 cikin zafin Yamai ba wasa ba ne. Canza su ba tsada, amma sai mai sana'a. Ka kawo su biyun da safe kafin rana ta yi, kada ka ɗaura monitar a bayan babur, wuyan kwalbar ba ya jure girgiza.

Mai tambaya:
Injiniya, monitar na bari a kunne tana ba ta wuta, wayar hoto kaɗai na canza. Baba, Allah ya saka da alheri. Ƙafa uku Baba ya samu sun tsage a soket, har da ta 4. Rubutu ya dawo ruwan ɗorawa, mita ta nuna 5.1. Na bar ta awa biyu jiya da dare, hoto ya ɗan karkata sau ɗaya ya tsaya, don haka monitar za ta koma wajensa ranar Asabar. Na kira innarmu ta zo ta gani, ta daɗe tsaye ba ta ce komai ba.

Yanzu saura kaset. Na danna PLAY, ina jin mota tana juyawa amma zaren ba ya motsi. Wa ya san inda zan samu robar da ke ja shi?