An ce aikin ya ƙare, na karɓi sallama, sai ga wani a gurbina: wa ya taɓa gani?

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum jama'a. Ni mai awo ne a wani kamfanin casar shinkafa, na shekara bakwai a kan sikeli. Bayan kaka manaja ya tara mu ya ce shanshera ta yi tsada, injin ba ya aiki sai rabin mako, duk mai so ya ajiye da kansa za a ba shi albashin wata uku. Ya ce awon ma za a haɗe shi da ofishin sito, babu sauran mai awo. Na sa hannu. Kafin azumi sai ga wani yaro a kan sikelin, aikina sak, a littafin da na bari ma yake rubutu. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah yaya ta kaya?

Direban Kura: Wa alaikumus salam. Mu direbobi aka yi wa. An ce za a sayar da motocin, ba a sayar ba. Wani ɗan kwangila aka ba, ya kawo direbobinsa da ake biya kan kowane sawu, babu fansho, babu hutu. Motar da nake ja kullum tana wuce ni a hanyar Zariya, da ɗan madubin da na saya da kuɗina.

Malama daga Ringim: Ni makarantar kuɗi ce. Aka ce ɗalibai sun ragu, na karɓi sallama. Zango na gaba suka kira ni in dawo ajina, amma a matsayin sabuwar ɗauka, da albashi ƙasa da na da. Na ƙi. Shekarun da na yi ne suke so su goge.

Tsohon sakataren ƙungiya, Hadejia: Ɗana na Auyo, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Na zauna irin wannan zama da kamfanoni, bari in faɗa maka inda gizo ke saƙa. Dokar Ƙwadago, sashe na 20, ta ce rage ma'aikata shi ne mutum ya rasa aikinsa dindindin, ba da son ransa ba, saboda ma'aikata sun yi yawa. Idan za a yi, dole a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara da wanda ya shigo daga baya tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, kuma kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. Ka lura da "ba da son ransa ba". Shi ya sa suke son ka rubuta da hannunka cewa kai ka ajiye, domin gobe lauyansu ya ce wannan sashe bai shafe ka ba.

Amma ba a nan maganar ta tsaya ba. Idan an ce maka gurbin ya mutu, kan haka ka yarda, alhali sun san za su sa wani, to yardar da aka samu da yaudara abar ƙalubalanta ce. Wurin kai ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin shari'o'in aiki, kuma tana zama a Kano. Kafin nan ka fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiharka, su kan kira ɓangarorin biyu a yi sulhu. Sai dai kotu hujja take ci. Kuma kada ka sa rai da yawa a mayar da kai aiki, a kamfani mai zaman kansa galibi kuɗi ake yankewa.

Mai injin casa, Bunkure: Ku yi haƙuri in faɗi ta namu ɓangaren. Na taɓa rage yara da gaske lokacin da dizal ya fi ƙarfina, da shinkafar rani ta shigo na sake ɗauka. Ɗaukar wani ba laifi ba ne a kan kansa, kasuwa tana juyawa. Amma ni waɗanda na sallama na fara nema.

Tsohon sakataren ƙungiya, Hadejia: Gaskiyarka Alhaji. Abin dubawa shi ne tazarar lokaci, ko aikin ya canza, da abin da aka faɗa wa mutum ranar sa hannu.

Maman Hajara, Bichi: Maigidana ne aka yi wa haka. Ku duba fanshonku tun da wuri. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata huɗu bai samu aiki ba, zai iya cirar har kashi 25 cikin 100 na asusunsa. Da ya je cira ne aka gano kashi 8 da ake yanka masa duk wata an daɗe ba a zuba ba, balle kashi 10 na kamfani. Wannan ya fi ɗaukar sabon mutum ci mana rai. Ya kai ƙorafi PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa, muna jira.

Ɗan Auyo: Na gode ƙwarai. Baba na Hadejia, na ɗauko takardar. An rubuta na ajiye bisa ra'ayin kaina, kuma ba ni da sauran haƙƙi a kansu. Amma ina da saƙon murya da manaja ya turo a WhatsApp, yana cewa an soke gurbin mai awo.

Tsohon sakataren ƙungiya, Hadejia: Kada ka goge shi, kada ka sayar da wayar. Ka haɗa shi da takardar ɗaukarka aiki da shaidar albashi, ka nemo mutum biyu da suka halarci taron, ka nuna wa lauya kafin ka sake magana da manajan.