Shawarwarin kanikawa kan tayar da tsohuwar Peugeot 504

Galibin kanikawan da suka yi magana kan gyaran tsohuwar Peugeot 504 da ta daɗe a ajiye sun yarda cewa kafin a taɓa fenti, a fara leƙa ƙarƙashin motar. Tsatsar ƙasa da ta ƙofofi ita ke cinye kuɗi. In ta ratsa ƙashin motar, gara a haƙura.

Injin da ya daɗe a ajiye kada a yi gaggawar tayar da shi. A zubar da tsohon baƙin mai, a wanke tanki da kafireto, a canza filogi, a juya injin da hannu tukuna. Bayan haka sai a duba birki.

Inda aka yi saɓani shi ne sa mata injin Toyota. Wasu sun ce ya fi sauƙin kayan gyara. Ni dai ina tare da masu cewa a bar mata nata, tunda a da an daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, kuma kayanta ba su ƙare a Panteka, kasuwar tsofaffin kayan gyara ta Kaduna, ba.